Fenti Uku a Jikin Tantan Ɗinmu

Shekara goma sha huɗu ta yi tana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Garo. Tayoyin baya sun sace har sun tsage, kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, yaran unguwa kuma sun murza sitiyarinta har ya yi santsi kamar muciya. A gari tantan ake ce mata. A kan ɗan farantin ƙarfen da ke maƙale a jikinta kuwa, sunanta Massey Ferguson 135.

Da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka zauna rabon gado, 'yan gwangwan ne suka fara taya ta. Su ba ruwansu da ko tana tashi. Nauyin ƙarfe suke saye, su yanka da wuta, su loda a mota. Ni ina cikin waɗanda suka ce a sayar, don kuɗi suna rabuwa tsakanin maza da mata ba tare da an ɓata da kowa ba, tarakta kuwa ba ta rabuwa. Ƙanena, wanda ya yi shekara shida yana koyon gyaran manyan motoci a Kano, shi ya tsaya. Ya ce, "Yaya, ku ba ni rani ɗaya. In ba ta tashi ba kafin ruwan shuka, ni da kaina zan kira masu sikelin." Inna ta goyi bayansa, magana ta ƙare.

Ranar da ya fara kankare bonet da samfefa ina wurin. Fenti uku muka tarar, ɗaya kan ɗaya. Na sama shuɗi ne, irin na ƙofa da taga, wanda Baba ya shafa da burushi da hannunsa. Ƙarƙashinsa kore, da ragowar wasu fararen haruffa da lamba, shaidar cewa ta taɓa zama dukiyar hukuma. Can ƙasa kuma ja, na kamfani, wanda ta zo da shi daga Ingila. Abin da ya sa ke nan na fara bin diddigin yadda ƙarfen nan ya iso yammacin Kano, da dalilin da ya sa 'yan'uwansa da yawa suka ƙare a bayan katangar ofisoshi, ciyawa ta rufe su.

Kafin zuwan kowace tarakta, hannun mutum ne ya riƙe noman ƙasar Kano. Sungumi a shuka, fartanya a noman fari da maimai, garma a huɗa, gandu yana haɗa ƙarfin gida, gayya tana haɗa na gari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa wa rai saboda masaƙun Ingila. Manoma suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa, tun daga 1912. Dalar gyaɗar nan da muke ganin hotonta a jikin kalanda muna alfahari, kusan duk buhun da ke cikinta fartanya ce ta noma shi, jaki ko raƙumi ya kai shi bakin sikeli. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, don sau da yawa akan yi maganar tarakta kamar kafin ita ba a taɓa noman kirki ba.

Ƙarfin farko da ya zo ya taimaki hannu na dabba ne. Wajen ƙarshen shekarun 1920 Ma'aikatar Gona ta Turawa ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, En'e tana ba da rancen bijimai biyu da garma, a biya a hankali. Garmar da ta fi karɓuwa ita ce Emcot, mai tayar da kunya biyu-gefe a wucewa ɗaya. Abin ya fara da tafiyar hawainiya, amma ya kafu, kuma har yau yana nan daga Kabo zuwa Gwarzo zuwa Ƙaraye. Dalilin kafuwarsa a fili yake. In bakin garma ya cinye, maƙerin gari zai ƙera wani daga tsohon ƙarfen mota. Bijimi yana cin harawa da kara da dusa, duk daga gonar da yake yi wa aiki, ya mayar mata da taki. Bayan shekara uku ko huɗu a sayar da shi ya yi ƙiba, a sayi ƙanana biyu. Tarakta kuwa tun daga ranar da aka saye ta darajarta take raguwa.

Gwajin farko mai girma na noman inji a Arewa a Mokwa aka yi shi, daga 1949. Lokacin Ingila tana cikin ƙarancin man girki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ta riga ta fara wani gagarumin shirin gyaɗa a Tanganyika, inda aka mayar da tankokin yaƙi motocin share daji, aka kuma yi asarar miliyoyin fam. A Mokwa aka kawo injuna su share daji su kafce ƙasa, aka zaunar da manoma a sababbin ƙauyuka, kowane gida da eka 24, kashi biyu cikin uku na amfani na kamfani, ɗaya na manomi. Saiwoyin itatuwa suka dinga karya kayan aiki. Abin da ya fi wannan, inji ya yi kaftu ya tafi, ciyawa ta fito a eka 24 lokaci guda, ga mutum da fartanyarsa da iyalinsa. Ba hannun da zai iya. A 1954 kamfanin ya janye. Darasin Mokwa yana nan a rubuce tun zamanin Turawa: in ka hanzarta aiki ɗaya a gona ka bar sauran, ka ƙara wa manomi wahala ne kawai. Ni dai ban ga alamar waɗanda suka zo daga baya sun karanta shi ba.

To, jan fentin fa? Shi ya fito ne daga Coventry. Harry Ferguson, ɗan manomi daga arewacin Ailan, shi ya ƙirƙiro maƙalai ukun nan da ke bayan kowace tarakta a yau. Kafin shi, tarakta jan garma take yi da sarƙa ko ƙugiya kamar yadda sa yake ja. In garma ta ci karo da kututture, gaban motar yakan ɗaga sama ta kife kan direba. Dabarar Ferguson ta haɗa garma da mota suka zama jiki ɗaya, ta yadda turjiyar ƙasa take komawa nauyi a kan tayoyin baya, ƙaramar mota ta yi aikin babba, ƙarfin mai kuma ya ɗaga garmar ya sauke da ɗan sanda ɗaya a gefen kujera. A 1946 aka fara ƙera ƙaramar tarakta mai ruwan toka da sunansa, aka yi fiye da rabin miliyan cikin shekara goma. Kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada a 1953, daga nan ja ya haɗu da ruwan toka. Samfurin 135 ya fito a 1964, da injin Perkins mai silinda uku, mai shan gas, ƙarfinsa wajen doki 45. Ba kwamfuta a cikinta, ba wata waya mai rikitarwa. Mutum mai sifana da haƙuri zai iya warware ta a gindin bishiya ya mayar, kuma wannan ne ya cece ta a ƙasarmu.

Koren fenti na zamanin kuɗin fetur ne. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya mulke ta har 1975, ya kuma sa ruwa da noma a gaba. Madatsar Tiga ta kammala a 1974, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa da kewaye. A ɓangarenmu na yamma aka sami ƙananan madatsu irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, daga baya babbar ta Challawa a Ƙaraye a 1992. A shekarun nan ne kuma fari ya yi ɓarna daga 1972 zuwa 1974, sannan a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta kwantar da gonaki, dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. Ƙasar da take fitar da abinci ta koma shigo da shi. Gwamnati tana da kuɗi tana kuma cikin fargaba, sai ta amsa da ƙarfe. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na OFN a 1976, shekarar da aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗejiya da Jama'are. Shagari ya biyo da nasa, Green Revolution, a 1980. Aka buɗe masana'antar Steyr a Bauchi tare da mutanen Ostiriya, da ta Fiat a nan Kano tare da Italiyawa, suna harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Ma'aikatun gona da ƙananan hukumomi suka kafa sassan ba da hayar tarakta a farashi mai rangwame: manomi ya biya, a ba shi rasiti, ya koma gida ya jira.

Jiran nan shi ne matsalar farko. Kowa a Garo ya san ruwan shuka ba ya jiran layi. Tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni, mako uku ne ko huɗu, kowane manomi yana son tarakta a rana ɗaya. Wanda ya san wani a ofis, ko mai sarauta, ko mai babbar gona, shi ake fara yi wa. Talaka yana riƙe da rasiti har maƙwabcinsa mai shanu ya gama maimai. Shekara ɗaya ko biyu ya gwada, sai ya koma wa abin da ya sani.

Ta biyu ƙasar ce da kanta. A Kadawa an baje fili an yanka shi daidai da inji. Gonakinmu na tudu ƙanana ne, gado ya rarraba su, wannan ɗan fegi nan, wancan can bayan rafi, kuma kowace da ɗorawarta da kukarta da tsamiyarta da gawonta, waɗanda ba mai hankalin da zai sare don mota ta wuce. Ga kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Direba yakan ɓata rabin yini yana juyawa a kan iyaka yana neman hanyar shiga gona ta gaba, mai yana ƙonewa.

Ta uku ita ce ta fi daɗe min a rai, kuma daga bakin wani dattijon bakanike na ji ta, a Gwarzo, wanda ƙanena ya kai wa famfon gas ɗin motarmu. Ya yi ƙuruciyarsa a wani garejin hukuma. Da ya ga ragowar koren fenti a hoton da ke wayata, sai ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, mu muka kashe su, mu kuma muka raya su." Ya ce in famfo ya lalace a Yuni, sai a rubuta takarda, ta bi tebur-tebur, kayan su iso bayan an yi girbi, in ma sun iso. Manoma kuwa suna tsaye a bakin ƙofa. Sai a duba wadda ta fi daɗewa a ajiye a cire nata a sa wa mai tafiya. Gobe a cire mata batir, jibi taya. Mota ta shigo gareji da ciwon da bai fi na kwana biyu ba, bayan shekara ta zama ƙashi. Ya ƙara da cewa kowace gwamnati da irin motar da take kawowa, kusoshin wannan ba sa shiga waccan, bakanike bai gama sanin ɗaya ba an sauke wata. Ni kuma na ƙara nawa: sayen sabuwa yana da biki da hoto da kwangila, canjin baƙin mai ba ya da ko ɗaya. Kasafin kuɗi yakan bi inda bikin yake.

Abin lura, injin da ya yaɗu da gaske a wannan zamanin ƙarami ne. KNARDA, da aka kafa a 1982 da rancen Bankin Duniya, ta ba da ƙarfi kan taki da iri da hanyoyin karkara da ƙananan rijiyoyin fadama. Ɗan injin ban ruwa, wanda mutum ɗaya zai saya, ya ɗaura a keke, ya kai wa mai gyaran babur in ya ƙi tashi, ya shiga fadamun Kano ya zauna.

Sai 1986, Babangida ya kawo SAP. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai wajen naira huɗu, a 1993 ta haura ashirin. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Masana'antun Bauchi da Kano, da yawancin kayansu a akwati suke zuwa daga Turai, suka durƙushe. Sassan haya suka rasa kuɗin gyara, aka fara gwanjon abin da ya rage. A irin wannan gwanjon Baba ya sayi tamu, ba batir, ba fitila, tayar gaba ɗaya ta aro. Da sarƙa aka jawo ta gida, mutane suna ce masa ya sayi gawa.

Shekara ashirin da 'yan kai gawar nan ta yi tana ci da gidanmu, kuma yadda ta yi haka shi ne ɓangaren tarihin da ba ya cikin rahoton kowace hukuma. Baba bai taɓa ƙoƙarin ya kori shanu ba. A farkon damina haro kawai yake yi wa mutane, faifan ƙarfen su farfasa ƙasa su kashe ciyawar farko, masu shanu su biyo baya su yi huɗa. Aiki ya rabu, kowa ya ci. Da damina ta kankama sai ya cire haro ya ɗaura tirela: taki zuwa gona, masara da dawa zuwa gida, rake zuwa bakin titi, yashi da jar ƙasa ga masu gini duk tsawon rani. Yakan ce mota mai aikin wata ɗaya a shekara cin mai gida take yi. In ta yi tari da dare, da asuba yana kan hanyar Ƙofar Ruwa. Ba takarda, ba tebur. Shuɗin fentin ma ba don ado ya shafa ba. Ragowar na ƙofar zaure ne, ya ga tsatsa ta fara cin bonet, kuma ya gaji da mutane suna tambayarsa ko motar gwamnati ce. Ta tsaya a 2010, shekarar da ƙafarsa ta fara ciwo, mu kuma duk mun watse birni.

Ƙanena ya fara aiki bayan girbi. Injin ya cije gam, don ba wanda ya tuna ya kifa gwangwani a bakin salansa, ruwan damina goma sha huɗu ya bi ta nan ya sauka kan fistan. Ya cire nozul ya zuba gas da man birki a kowace silinda, ya bar su mako uku, kullum da yamma ya sa babbar giya shi da yara biyu su girgiza tayar baya. Ranar da ta motsa kamar faɗin yatsa, kiran waya ya yi min yana ihu. Daga nan ya buɗe kan inji, ya canza silib da fistan da ringi da gaskit. Tankin mai ya zuba masa tsakuwa da gas ya yi ta jijjigawa har tsatsa ta saki. Lagireto ya tafi wurin mai dalma, famfo ya tafi Gwarzo. Tayoyin baya su suka fi komai cin kuɗi ko da na hannu ne, a shekarar da dala ta haura naira 1,500; sai da Inna ta sayar da tumaki biyu.

Na yi mamakin cewa kayan motar da ta kusa shekara hamsin suna nan a kasuwa sababbi a kwali. Masana'antar Coventry ta daina aiki tun ƙarshen 2002, an ma gina gidaje a filinta. Amma kamfanin Millat a Lahor ta Pakistan da TAFE a Indiya sun daɗe suna ƙera taraktocin Massey Ferguson da izini, wasunsu da jikokin wannan injin mai silinda uku, don haka masu yin kayan gyara ba su daina ba. A Ingila kuma akwai dattijai masu sha'awar tsofaffin taraktoci, da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da ranakun baje koli. Mutum ya yi shekara biyu yana neman ainihin ruwan tokar da kamfani ya yi amfani da shi, ya goge mota tana ƙyalli, ya fito da ita sau uku a shekara. Ba na yi musu dariya, don kasuwarsu tana cikin abin da ya sa har yau ake buga fitila da tambarin 135. Sai dai tamu in ta tashi, gona za ta.

Ta tashi a watan Maris, bayan an fitar da iska daga bututun mai sau uku an kuma tura ta daga ƙofar gida har bakin masallaci. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sannan ƙarar nan da na sani tun ina yaro ta daidaita. Inna tana daga zaure ba ta ce komai ba, ta koma ciki.

Rigimar ƙarshe a kan fenti aka yi ta. Inna shuɗi take so, na mai gidanta. Ƙanena ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, manomi ja ya sani. In ya hango ja daga nesa ya san Massey ce, zai ba da kuɗinsa tun kafin in iso." Gaskiyarsa ce, a wannan sana'ar fenti shaidar cewa mai mota yana kula da ita ne, kuma mai biyan kafin alƙalami yana duba wannan. Aka kankare ta har ƙarfe, aka cike ramukan tsatsa da walda da foti, aka shafa na hana tsatsa, aka ɗauko mai feshi daga bakin titi da kwamfuresarsa a bayan babur. Da asuba ya yi aikin, bayan yara sun yayyafa wa filin ruwa don kada ƙura ta manne. Bonet da murfin tayoyi ja, inji da gindi ruwan toka. Kujerar direba aka bar wa Inna da shuɗinta. Ni kuma na roƙi a bar min faɗin tafin hannu a cikin bonet, ta inda ba a gani sai an ɗaga, inda fenti ukun suke a jere.

Ruwan shuka ya sauka a farkon Yuni. Gonar Baba ta bayan gari aka fara yi wa haro, sannan ta bi layin waɗanda suka biya. An buɗe littafi: kuɗin gas, kuɗin direba, kashi ɗaya a ajiye don gyara kafin a taɓa komai, sauran a raba bisa gado, 'yan'uwanmu mata su fara karɓa. A mako na biyu maƙalan baya suka fara sauka da kansu in mai ya yi zafi, ƙanena ya kwana biyu a ƙarƙashinta da fitilar waya a baki, manoma uku suna zaune a kan benci suna jiransa. Ɗaya daga cikinsu bai jira ba, ya aika aka kawo masa shanu.